Yadda ake ɗaura madubin hange a bindigar farauta a kuma saita shi

Sau da yawa madubin da ake zargi da rashin riƙe saiti lafiyarsa lau, ɗaurin ne bai yi ba. Kafin komai a cire harsashi, a zare sakata, a leƙa ciki a tabbatar babu komai.

A fara da zobban da za su riƙe madubin. Kaurin jikin madubi iri-iri ne: akwai inci 1, wato milimita 25.4, akwai milimita 30 da 34, kuma dole zobe ya dace da shi daidai. Mazaunin zobban a kan bindiga ma kala biyu ne da ke kama da juna, Picatinny da Weaver. Tsagin Picatinny faɗinsa milimita 5.23, na Weaver kuwa kusan 4.57, shi ya sa zoben Picatinny kan ƙi zama a kan Weaver. Wajen tsayi, a zaɓi mafi gajarta da zai bar gaban madubin bai taɓa bututun bindiga ba, hannun sakata ma ya wuce. Zobe mai tsawo yana raba kunci da ƙota, kai ya riƙa yawo.

A goge mai daga sukurori da ramukansu. Na mazauni a ɗiga musu shuɗin Loctite kaɗan, wato ruwan da ke hana sukurori kwancewa, ban da ja, don ja sai da zafi yake kwancewa. Kafin a ɗaure zobe, a tura shi gaba ya tokari bangon tsagi, domin idan bindiga ta yi baya, gaba madubin yake son zamewa.

Wurin ɗaure murfin zobba ake yin ɓarna mafi yawa. Mutane na murɗawa iya ƙarfinsu, alhali bututun madubi siririn alminiyam ne. Da ya lotsa, kayan cikin da ke motsa gicciyen, wato layukan auna da ake gani a cikin madubi, sai su cije, a juya maɓallin gyara saiti ya ƙi tafiya. Yawancin kamfanoni suna cewa ƙarfin murɗi ya zama inci-fam 15 zuwa 18, kusan Nm (newton-mita) 2, amma takardar da ta zo da kayan ita ce alƙali. A yi amfani da sukundireba mai awon ƙarfi, a bi sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan, har giɓin hagu da na dama su zo ɗaya. Kada zobe ya manne da kumburin tsakiya inda maɓallan suke.

Amma kafin wannan ɗaurin na ƙarshe akwai abu biyu. Na farko tazarar ido, wadda kan kama santimita 8 zuwa 10. A kai madubin ƙarshen ƙarfin kusantowarsa, a rufe ido, a ɗora bindiga a kafaɗa yadda za a yi a daji, sannan a buɗe. In an ga baƙin da'ira a gefe, madubin za a matsar, ba wuya ba. Wanda ya bar shi kusa da fuska, gira ce za ta biya. Na biyu, gicciyen ya miƙe: a rataya igiya da dutse a nesa, a daidaita bindigar, a juya madubin har layin tsaye ya bi igiyar. Karkataccen gicciye yana sa gyaran sama ya ja harsashi gefe. Daga nan a kalli sararin sama, nesa da rana, a murɗa gilashin ido har layukan su fito tar.

Saiti a mita 25 ake fara shi, a wurin da akwai tudun ƙasa bayan allo. A kwantar da bindiga kan buhun yashi, katakon gaba ne zai hau buhun, ba bututun ba. A leƙa ta cikin bututu a sa allon a tsakiya, sannan a juya maɓallan har gicciye ya hau wuri ɗaya. A harba uku, a gyara, a koma mita 100.

Lissafin a jikin maɓalli yake. MOA da mil ma'aunan kusurwa ne. In an rubuta 1/4 MOA, kowane ƙas ɗaya da maɓalli ya yi idan an juya shi kusan milimita 7 ne a mita 100, in 0.1 mil ne, santimita 1. Harbin da ya sauka santimita 6 ƙasa yana buƙatar ƙas 8 zuwa sama a madubin MOA. A mita 25 kuwa wannan tazarar sai ƙas 32 ko 33, ninki huɗu, kuma nan ne da yawa ke cewa maɓalli ya lalace.

Kada a bi harsashi ɗaya-ɗaya da gyara. A harba uku zuwa biyar, a nemi tsakiyarsu, daga nan ake aunawa. A bar bututu ya huce tsakanin zagaye, don dabba da bututu mai sanyi ake harbinta. Da sassafe ya fi, kafin iska ta taso kuma kafin zafin rana ya sa allo rawa a cikin madubi. Harsashin da za a fita farauta da shi, da shi za a yi saitin. Canjin nauyi ko kamfani yana matsar da inda yake sauka.

Mai bindigar iska ta sifirin ya nemi madubin da aka ƙera dominta, saboda ita gaba da baya take girgiza, kuma tana iya kwance gilasan madubin da ya jure babbar bindiga.