Wace taya za ka saka wa motar daji a Saudiyya?

Duk ɗan'uwanmu da Allah ya hore wa Land Cruiser ko Patrol ko Hilux a ƙasar nan, idan ya shiga shagon taya idonsa kan mai manyan haƙora yake fara sauka, wadda aka rubuta wa M/T a gefe, wato tayar laka. Tana da kwarjini, ban musa ba. Amma ni da aikina shi ne kai ruwa da abincin raƙuman maigidana daga Ɗa'ifa zuwa garke can gabas, ba na ba kowa shawarar sayenta sai wanda abincinsa ke cikin laka.

Kafin ka fara ciniki, zauna ka tambayi kanka inda motar take wuni. Mutumin da ke zaune a Shara Mansur ta Makka, yana zirga-zirga tsakanin Makka da Jidda, sai lokacin sanyi ne yake fita da iyali su kafa tanti ranar Juma'a, wannan direban kwalta ne ko da motarsa ta kai girman ɗaki. Tayar kwalta, wato H/T, irin wadda motar ta zo da ita daga kamfani, ta ishe shi. Ba ta ƙara, ba ta shan mai, kuma burki na kama ta da kyau. Wanda kuwa yake raba tafiyarsa tsakanin kwalta da tsakuwa da dutse, kamar ni, A/T ce tasa, wato tayar kowace irin hanya. BFGoodrich da Toyo da Yokohama da Bridgestone duk suna yin ta, kuma ban cika damuwa da sunan ba matuƙar rubutun gefen ya yi daidai.

Rubutun nan shi ne abin da yawancinmu ba ma karantawa, alhali zafin kwalta ya fi daji kashe taya a ƙasar nan. A wasu sassan hanyar Makka zuwa Madina an yarda ƙananan motoci su yi gudun kilomita 140 a awa. Ka haɗa wannan gudun da ranar watan Yuli da lodi har rufi, sai ka gane dalilin da ya sa gefen hanya ke cike da yagaggun roba. Bayan lambar girma, misali 265/70R16, za ka ga wata lamba da harafi, kamar 112S. Lambar 112 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, harafin S kuma iyakar gudunta kilomita 180 ne. T 190 ne, H 210, Q kuwa 160, kuma a kan Q ɗin nan yawancin masu manyan haƙora suke tsayawa. Nemi kuma inda aka rubuta darajar jure zafi: A ce gaba, sai B, sai C. A nan ka tsaya a kan A. Tayoyin da ke da LT a jikin lambarsu, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, galibi ba su da wannan alama, don haka kar ka ɗauka jabu ce don ba ka gan ta ba.

Sai shekaru. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. In ka ga 2324, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2024. Mai shago zai nuna maka zane sabo fil, har da ƙananan gashin roba a kai, amma tayar da ta daɗe a sito cikin zafin Jidda ta riga ta fara tsufa tun ba ta taɓa ƙasa ba. Ni in taya ta kai shekara huɗu zuwa biyar nakan sauke ta ko da zanenta bai cinye ba, musamman in ta fara tsattsagewa a gefe. Ta gwanjo kuma ban saka ta a lissafi ba sam.

To, rairayi. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, suna ganin manyan haƙora su ne za su fitar da su. A laka haƙori yana da amfani, domin yana tona ya kai ga ƙasa mai tauri, kuma faɗin da ke tsakanin haƙoran yana zubar da taɓo. A hamadar rairayi ta Dahna ko Nafud kuwa babu wata ƙasa mai tauri a kusa, duk abin da ka tona kanka ka tona wa. Da idona na ga M/T sabuwa ta binne mota har ciki, wata tsohuwar Hilux mai tayar kwalta da ta sha jiki ta zo ta wuce ta gefenta. Abin da rairayi ke so shi ne taya ta baje a kansa kamar tafin raƙumi, kuma iska ce ke yin wannan aiki, ba zane ba.

Ga yadda nake yi. A kwalta ina bin abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, wanda a irin waɗannan motoci yakan kama daga 30 zuwa 35 a ma'aunin psi, in ƙara wa na baya in akwai lodi. Da na sauka tsakuwa sai in rage zuwa 26 ko 28, motar ta daina girgiza haƙoran mutum. In na iso rairayi mai laushi sai in tsaya tun a bakinsa, tun ban kafe ba, in sauke zuwa 16 ko 18. Idan ka durƙusa ka duba za ka ga sawun tayar ya ƙara tsawo sosai, fiye da yadda ya ƙara faɗi, kuma tsawon nan shi ke ɗaukar motar. In duk da haka ka kafe, ɗauke ƙafarka daga totur nan take, ka sauke iska zuwa 12, ka share gaban tayoyin da shebur, ka koma da baya a kan sawunka a hankali. Sai dai da ƙaramar iska irin wannan ba a gudu, ba a kuma murɗa sitiyari da ƙarfi, domin taya na iya zamewa daga bakin wili, kuma mayar da ita a tsakiyar rairayi aiki ne na zufa.

Wannan ne ma ya sa nake tausaya wa masu wili mai inci 20 ko 22. Gefen tayarsu gajere ne, ba shi da inda zai baje. Don daji, inci 16 ko 17 ya fi.

Akwai wadda makiyaya ke saka wa shas ɗinsu, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, suna ce mata balon, mai dogon gefe da zane miƙaƙƙe, yawanci 9.00-16. A cikin rairayi babu kamarta. Amma a kwalta tana yawo da mota, kuma in an yi ruwa burki ba ya jin magana. Wanda zai sauko da ita ta gangaren dutsen Hada daga Ɗa'ifa zuwa Makka a ranar hazo, Allah ya kiyaye.

Baƙin dutsen harra, wato filin duwatsun da aman wuta ya bari, wani sha'ani ne daban. Wanda ya taɓa bin hanyar ramin Wahba ko ya ratsa Harrat Rahat kudu da Madina ya san kaifinsa. Ba zanen taya yake ci ba, gefe yake yankawa, kuma yankan gefe ba ya facuwa facin da za ka amince masa. A nan A/T mai alamar LT take cin kuɗinta, don gefenta ya fi kauri, wasu ma ninki uku ne. Kar ka rage iska irin ta rairayi, tsaya wajen 25, don in gefen ya kumburo waje ka miƙa wa dutse shi ne. Tafi a hankali, kuma dutsen da ba za ka iya kauce wa ba, hau shi da tsakiyar taya maimakon ka goge shi da gefe. Ni ba na shiga harra da safaya ɗaya.

Masu gonaki a Tihama da Jizan, inda ruwa ke mayar da hanya taɓo, su ne M/T ta dace da su. Sabkha kuwa, filin gishirin nan mai busasshen sama da jiƙaƙƙen ƙasa, ba tayar da ke maganinsa. Bi sawun waɗanda suka riga ka, ko ka zagaya.

Wasu abubuwa biyu da masu faci ba sa faɗa. Land Cruiser babba da Prado ƙafafunsu huɗu suna ja kullum, don haka saka musu taya iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, in ba haka ba giyar tsakiya ce ke shan wahala. Sannan in ka ƙara girman taya, maleji zai riƙa yi maka ƙarya. Daga 265/70R16 zuwa 285/75R16 bambancin ya kai kusan kashi 7 cikin ɗari: allura na nuna 120, kai kuwa kana kan 128, kyamarar Sahir mai kama masu gudu ba ruwanta da tayarka, saƙon tara kawai za ka gani a waya.

Ma'aunin iska na hannu da famfon da ke jona wa batir, waɗannan biyun ka saye su rana ɗaya da tayar. Ka riƙa auna iska da sassafe tayar na sanyi. In ka auna bayan doguwar tafiya za ka ga ta ƙaru da 4 ko 5, wannan aikin zafi ne, kar ka sace ta. Kuma da ka fito daga rairayi, tsaya a bakin kwalta ka mayar da iskar cif kafin ka hau. Kar ka ce bari in lallaɓa zuwa gidan mai na gaba, domin a hanyar Riyad gidan mai na gaba yana iya yin nisa, kuma taya mai iska 16 a kan kwalta mai zafi tana dahuwa ne daga ciki, inda ido ba ya gani.