Yadda za ku koyar da tarihin matan da suka jagoranci yaƙi

'Yan uwana malaman tarihi, idan darasi ya zo kan matan da suka ja daga, kada ku cika allo da sunaye. Ni mace biyu ko uku nake ɗauka, in sa ɗalibai su yi wa kowacce tambaya guda: ita ke ba da umarni a fagen fama, ko mayaƙiya ce cikin mayaƙa, ko kuwa mai mulki ce da ke tura wasu? A wurina amsar wannan ita ce darasin.

Ku fara da Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, don yara sun san sunanta. Amma ku kawo musu shaida, kada ku tsaya kan kirari. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe kuma ya aiko mata babanni 40 da goro 10,000. Sai ku tambayi ajin: me ya sa goro? Daga nan yaro zai gane cewa yaƙinta na neman hanyar fatauci ne, ba yawon nuna jarunta ba. Ku kuma faɗa musu gaskiya cewa wannan tarihin ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, farkon ƙarni na 15, masana da yawa kuwa suna kai ta ƙarni na 16. Ku bar su su yi gardama a kai, yana da amfani. Idan garinku akwai kufan ganuwa, ku kai su, su auna kaurinta da taku, ko da ba ta Amina ba ce.

Daga nan ku tsallaka Nijar, wurin Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogondutsi. A watan Afrilun 1899 ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, masu ƙona garuruwa a hanyarsu ta zuwa Tafkin Chadi. An gwabza, mutanenta da kwari da baka, abokan gaba da bindiga, daga baya mutanenta suka janye cikin daji. Takardun Faransawa kaɗan suka ce game da ita, yawancin labarin a bakin mutanen yankin yake. Nan ne nake sa yara su raba takarda gida biyu: abin da maƙiyi ya rubuta, da abin da jikoki suka riƙe. Kowane ɓangare yana da dalilin ƙari ko ragi.

Ta uku ku ɗauko daga nesa. Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranci Asante, a Ghana ta yau, a 1900 bayan gwamnan mulkin mallaka na Ingila Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautarsu; an kama ta, ta rasu a tsibirin Seychelles a 1921. Ko Lakshmibai ta Jhansi a Indiya, wadda ta faɗi a fagen yaƙi kusa da Gwalior a 1858.

Sojojin mata na Dahomey (a Jamhuriyar Benin ta yau) kuwa, masu kai wa Abeokuta hari a 1851, ku ajiye su a matsayin jarrabawa. Suna da kwamandoji mata a cikinsu, amma Sarki Gezo ke da yaƙin. Ku ba ɗalibai minti 10 su rubuta rukunin da za su sa su, da hujja.