Kurakuran da masu tara tsofaffin kayan hawan dutse suka fi yi, da yadda ake gyara su

Kayan da masu hawan dutse suka yi aiki da su shekaru hamsin ko ɗari da suka wuce sun zama abin nema a yau, tun daga ƙusoshin da ake kafawa a tsagar dutse da ƙugiyoyi masu ƙofa da ake kira karabina, har zuwa gatarin ƙanƙara mai ƙotar itace da igiyoyi da takalma. Abin da ke ba su daraja shi ne shaidar da ke jikinsu game da maƙerin da ya yi su, da hannun da ya riƙe su, da dutsen da aka hau da su. Galibin kurakuran da sabon mai tarawa yake yi, wannan shaidar suke shafewa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin su.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne goge kaya har su yi ƙyalli. Mutum zai sayi ƙusa mai tsatsa, ya sa samfefa ko buroshin waya na inji ya kankare ta, ya kwana yana ganin ya yi mata gata. A 1933, Percy Wyn-Harris ya tsinci wani gatarin ƙanƙara can sama a gefen arewa na dutsen Everest, shekara tara bayan ɓacewar masu hawa biyu, George Mallory da Andrew Irvine, a kan dutsen a 1924. Abin da ya sa daga baya aka jingina gatarin ga Irvine shi ne wasu ƴan tsagu uku a jere a jikin ƙotar, waɗanda suka yi daidai da alamar da ke jikin wata sandarsa. Da wani mai son tsafta ya bi ƙotar nan da samfefa, da shi ke nan. Haka abin yake ga ƙananan kaya: ɗigon jan fenti a gindin ƙusa, ko tsohon salatif mai launi da aka naɗa a jikin karabina, alamu ne da masu hawa ke sa wa kayansu don kada su cakuɗe da na abokan tafiya, kuma sau da yawa su kaɗai ne za su nuna mai kayan. Kan ƙusa da ya baje saboda dukan guduma ma shaida ce ta aiki. Gyaran shi ne a tsaya a kan buroshi mai laushi da busasshen tsumma. Jan tsatsa mai ɓarɓashi, wanda ke ci gaba da cin ƙarfe, shi ake cirewa a hankali, sannan a shafa kaki kaɗan don ya tare danshi. Baƙin launin da ya zauna lumui a jikin ƙarfe kuwa a bar shi yadda yake. Ƙotar itace ba ta bukatar fenti ko man ƙyalli, ɗan man linsid da aka shafa aka goge ya wadatar.

Daga nan sai gaskata labarin mai sayarwa ba tare da bincike ba. Tambari yana taimakawa, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. John Salathé, maƙeri ɗan asalin Suwizalan da ya yi ƙusoshin ƙarfe mai tauri a Kalifoniya a shekarun 1940, yana buga harafin P cikin zanen daimon, kuma kayansa ba su da yawa. Yvon Chouinard ya fara ƙira a 1957 da harafin C cikin irin wannan zane, sai dai kamfaninsa ya ci gaba da fitar da kaya da tambarin har zuwa 1989, lokacin da ma'aikatansa suka kafa kamfanin Black Diamond. Ke nan ganin C ɗin nan ba ya nufin ƙusar ta fito daga maƙerar farko, domin tsakanin wadda aka daka da hannu da wadda inji ya buga akwai shekaru masu yawa da bambancin farashi mai yawa. Sai a duba sawun guduma, da rashin daidaiton gefuna, da irin rubutun da ke kusa da tambarin, a kwatanta su da tsofaffin kundayen tallan kaya na kamfanin, waɗanda a ganina sun cancanci a tara su kamar yadda ake tara ƙarfen.

Wanda ya riƙe ƴan shekaru a kansa zai kama yawancin labaran ƙarya nan take. Ƙayoyin takalmi masu haƙora goma sha biyu, biyu daga ciki suna fuskantar gaba, Laurent Grivel ne ya fito da su a garin Courmayeur na Italiya a 1929. Tafin roba na Vibram ya zo a 1937. Igiyar nailan mai cibiya da riga a waje kamfanin Edelrid na Jamus ne ya kawo ta a 1953. Friends, na'urar Ray Jardine mai buɗewa ta kama tsaga, ta shiga kasuwa ta hannun kamfanin Wild Country a 1978. Duk wanda ya ce takalmin da ke hannunsa mai tafin Vibram an hau dutse da shi a 1920, ko dai ya yi kuskure, ko kuma an sake wa takalmin tafi daga baya, wanda shi ma ya kamata a faɗa wa mai saye.

Akwai kuma sakaci wajen rubuta asalin kaya, kuma wannan ne kuskuren da ba ya gyaruwa idan lokaci ya ƙure. Ƙusoshin da Frank Tarver ya yi daga ƙafafun tsohon murhu, waɗanda ayarin Warren Harding ya yi amfani da su a hanyar Nose ta dutsen El Capitan na Kalifoniya da aka kammala a 1958, har wata tsaga a hanyar ta ci sunansu, ba su da wani abu a jiki da zai hana a zuba su cikin tarin ƙarafan banza. Mutanen da suka riƙe labarinsu ne suka cece su. Saboda haka duk abin da ya shigo hannu, a rubuta ranar da aka same shi, daga wurin wa, da abin da mutumin ya ce, a rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji an faɗa. Idan tsohon mai hawa ne ya bayar, a nemi izininsa a ɗauki muryarsa, a tambaye shi ko yana da hoton da kayan suka fito a ciki. Lambar shaida a rubuta ta a ƴar takarda a ɗaura da zare; kada a zana ta a jikin ƙarfe, kada kuma a manna gam.

Wasu kuma ɗokin tarawa na kai su ga zare tsofaffin ƙusoshi daga jikin dutse. Wata ƙusar har yanzu masu hawa na dogara da ita, wata kuma a wurin da take ne take da ma'ana. A 2012, Hayden Kennedy da Jason Kruk sun cire ƙusoshi fiye da ɗari daga hanyar da Cesare Maestri ya huda da kwamfaresa a dutsen Cerro Torre na Kudancin Amurka a 1970, kuma duk da cewa hujjarsu ta ɗa'ar hawa ce, ba tarawa ba, muhawarar da ta biyo baya ta raba kan masu hawa a duniya. Mai tarawa ba shi da ko wannan hujjar. Hanyar da ta dace ita ce tuntuɓar ƙungiyoyin da ke sabunta ƙusoshi a yankin, domin su ne ke cire waɗanda suka lalace bisa yardar masu hawan wurin, sannan a san dokar hukumar da ke kula da dutsen.

Batun yin hawa da tsofaffin kaya gajere ne: kada a yi. Yawancin kamfanoni na sa iyakar shekara goma ga igiya da ɗamara da duk abin da aka saƙa, ko da ba a taɓa amfani da su ba, kuma tsagar da ke cikin tsohuwar karabina ido ba ya ganinta. A ware kayan tarihi a wuri dabam, da alama bayyananniya, don kada wani ya ɗauka cikin rashin sani.

Wajen ajiya, danshi da rana su ne abokan gaba. Alminiyum da baƙin ƙarfe idan suka daɗe a haɗe cikin laima, alminiyum ɗin yakan fara yin farin gari yana cinyewa, don haka a raba su. Igiyar zaren tsiro da fata na yin fumfuna a cikin leda, nailan kuma hasken rana na kashe launinsa ya busar da shi, kuma tururin ruwan batir na lalata shi ba tare da ya nuna ba.

Kuskure na ƙarshe shi ne bin manyan sunaye kaɗai, a raina abin da aka haɗa a gida. Kafin kundin Chouinard na 1972 ya yi kira a bar ƙusoshin da ke farfasa dutse a koma ga ƙarafan da ake saƙalawa a cire da hannu, masu hawa a Birtaniya sun daɗe suna cusa tsakuwa a tsaga, daga baya suka koma ga notin inji da suke goge zaren cikinsa su zura igiya. John Brailsford ya ƙera Acorn a 1961, ɗaya daga cikin na farko da aka yi musamman don wannan aiki. Notin inji irin wancan, mai guntun igiya da ta koɗe, ba ya jan ido a kasuwa, alhali shi ne matakin da ya haɗa tsakuwa da Stoppers da Hexentrics, wato ƙarafan saƙalawa na kamfanin Chouinard. Tarin da Stéphane Pennequin ya yi a Ajaccio na tsibirin Kosika ya yi suna ne saboda ya bi wannan silsila ɗaya daki-daki. Mai farawa zai fi amfana idan shi ma ya zaɓi fanni guda, ko kamfani ɗaya ko zamani ɗaya ko yanki ɗaya, ya san shi ciki da waje. Ya kuma rubuta tun yanzu inda yake so kayan su je bayansa, tare da kwafin bayanansu, ko ga ƙungiyar masu hawa ko ga gidan tarihi irin wanda ƙungiyar Yosemite Climbing Association ke gudanarwa a garin Mariposa na Kalifoniya, domin magadan da ba su san hawa ba kan sayar da irin wannan akwati a matsayin tsohon ƙarfe.