Yadda mahaliyya za ta jawo mutanen unguwa cikin yanke shawara

A Sudan ƙaramar hukuma ita ce mahaliyya, ƙarƙashinta akwai wahda idariyya, wato ƙaramin yankin mulki, sai unguwanni da ƙauyuka. Abubuwan da suka fi taɓa talaka kullum a nan suke: ruwan sha, kwashe shara, magudanan ruwa, tsarin kasuwa, makarantar firamare da ƙaramin asibiti. Amma jami'ai daga Gadarif har Sinja kukansu ɗaya ne, wai an kira taro mutane ba su zo ba.

Rashin zuwan yana da asali. A 1971 gwamnatin Numairi ta kawo dokar ƙananan hukumomi da ta ture masu sarautar gargajiya gefe. Bayan 1989 aka kafa lijan sha'abiyya, wato kwamitocin jama'a, waɗanda mutane da yawa suka ɗauka idon gwamnati ne a unguwa, masu ba da takardar shaidar zama da rabon sukari. A 2019 aka rushe su, aka kawo kwamitocin sauyi da hidima. Kowane sauyi ya zo da alkawarin za a saurari jama'a. Duk da haka, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, waɗannan mutanen da ake cewa ba sa zuwa taro su ne suka kafa takaya, wato wuraren dafa abinci na taimako, suna ciyar da unguwa guda, suna tara kuɗi, suna raba aiki tsakaninsu. Iya tsara kai suna da shi. Abin da suke gudu shi ne zaman da aka riga aka gama yanke hukunci a ofis, a kira su don su cika hoto.

A fara ware abin da jama'a za su yanke da kansu

Kafin a buga sanarwa, mudir tanfizi, wato shugaban gudanarwa na mahaliyya, da mai kula da kuɗi su zauna su ware abu guda da za a bar wa mutane hukuncinsa gaba ɗaya. Ya zama abin da ke cikin ikon mahaliyya, wanda za a iya gamawa cikin wata shida, kuma ido zai gan shi. Yashe babbar magudana kafin damina, gyaran donki (rijiyar burtsatse mai injin da tanki), ƙarin aji ɗaya a makarantar 'yan mata, rumfunan kasuwar kayan miya, duk sun dace. Titin kwalta da jawo ruwan famfo daga madatsar Setit ba su dace ba, domin suna hannun wilaya, wato jiha, ko gwamnatin tarayya, kuma wanda ya sa jama'a suka jefa ƙuri'a a kan abin da ba zai iya cikawa ba ya kashe taron gaba da hannunsa.

A faɗi abin da aka ware a fili. Da yake darajar fam ɗin Sudan tana zubewa tsakanin ranar taro da ranar sayayya, kada a tsaya ga adadin kuɗi kawai. A rubuta shi da kaya: buhun siminti kaza, durom ɗin gas kaza, kwanakin aikin motar loda mai kwasar ƙasa kaza. Wannan lissafin kowa ya gane shi, kuma ba ya narkewa cikin wata biyu. Birnin Porto Alegre na Brazil, inda aka fara irin wannan tsari a 1989, da wani yanki na kuɗin ayyuka ya fara, ba da kasafi duka ba.

Su wa ke zaune a unguwar

Tsohon rajistan kwamiti ba ya isa yanzu. Gadarif da Kassala sun karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira daga Khartum, daga Wad Madani a Disambar 2023, da Sinja a tsakiyar 2024. Wasu sun koma, wasu sun zauna. Duk wanda yake sayen ruwa a wurin mai karo (amalanken jaki) ɗaya da kai, ruwan sama kuma yake shiga ɗakinsa kamar naka, yana da bakin magana. A tura matasa biyu, namiji da mace, kowane murabba'i, wato shiyyar unguwa, su ƙirga gidaje, su rubuta yawan manya da harshen da ake ji a gidan. Kwana uku zuwa biyar ya isa unguwa mai gida ɗari biyar. Kada a tambayi ƙabila, kada a nemi lambar ɗan ƙasa. Hausawa da yawa sun sha tambayar takardu a ofisoshi, duk da cewa garin Mai Wurno na Hausawa da Fulani ya haura shekara ɗari a bakin Shuɗin Nilu, kuma da zarar mai ƙirga ya ce a kawo takarda, rabin gidajen za su rufe ƙofa.

A raba wakilci bisa murabba'i ko layi. Raba kujeru bisa ƙabila yana da sauƙi a takarda, amma yana mayar da gardamar magudana ta koma gardamar wa ya riga wa zuwa. Rikicin Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci rayuka masu yawa a Rusairis da Wad al-Mahi, ya taso ne daga batun ƙasa da wakilci a sarautar gargajiya. Jami'in da ke aiki a irin waɗannan wurare ya riƙe wannan a ransa duk lokacin da yake tsara kujeru.

Umda, wato basaraken gargajiya na yankin, da shaihun unguwa da limami a fara kai musu gaisuwa, a gaya musu abin da ake shiri tun kafin sanarwa ta fita. A ba su mazauni na girma, su buɗe da addu'a. Alƙalamin rubutu da ƙirga ƙuri'a kuwa a ba wasu daban.

Lokaci da wuri

Nan ne tarurruka da yawa suke mutuwa. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, don haka ofisoshi suna tattara buƙatu a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin da manoman Gadarif suke yankan riɗi. Riɗi in ya nuna ba ya jira, kwanaki kaɗan zai fashe ya zube ƙasa, babu mai barin gona ya zo taro. Bayansa ga girbin dawa. Saboda haka taron kasafi a yi shi wajen Satumba, bayan an gama cire ciyawa kafin a sa lauje. Taron shirin damina kuma a yi shi a Afrilu, domin aikin magudana ya ƙare kafin ruwan Yuni.

Zama ɗaya ba ya ɗaukar kowa. Bayan magariba ya dace da manoma da 'yan kasuwa, amma a lokacin ne mai agashe, wato tsire, yake hura wuta, mai shayi take shimfiɗa kujerunta. Su a yi musu da hantsi. Mata a yi musu zamansu daban, a makaranta ko a gidan wata dattijuwa da ake jin maganarta, a bi ta hannun shugabannin adashi wajen gayyata. Ƙuri'arsu a haɗa ta da ta maza daidai wa daida. In aka ce sakamakon zaman mata "shawara" ne da za a duba, sun gane, ba za su sake fitowa ba. Alhali su ne suka san farashin jarkar ruwa a wannan makon da wane layi ne yaro ya faɗa rami bara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a yi taro a harabar mahaliyya. Mai bashin awa'id, wato harajin gida, ko mai rumfar da ba ta da lasisi ba zai taka can ba. Filin makaranta ko kulob ɗin unguwa ya fi. Sanarwa ta fita kwana bakwai kafin ranar, a maimaita ta bayan sallar Juma'a, a zaga da lasifika a kan raksha, wato babur mai ƙafa uku, a tura saƙon murya ta WhatsApp da Larabci da Hausa. Ta ƙunshi abin da za a yanke da abin da aka ware. "Ana gayyatar jama'a muhimmin taro" ba ya tayar da kowa daga tabarma.

Yadda zaman zai gudana

Awa ɗaya da rabi, mutum sittin zuwa tamanin. In sun fi haka a raba kwana biyu. Jami'i ya yi minti goma kacal yana bayanin abin da ke hannu, tafinta na mayarwa jimla bayan jimla, domin tsofaffi da yawa, musamman mata, sun fi sakewa da Hausa ko da suna jin Larabci. Sannan a kasa mutane rukuni-rukuni na goma zuwa goma sha biyu, kowane rukuni ya fito da buƙatu uku cikin rabin awa. A babban taro mutum biyar ne suke magana, a ƙaramin rukuni kowa yana buɗe baki.

Dattijo zai miƙe ya ɗauko tarihin unguwa tun daga kafuwarta. Mai jagora ba zai katse shi da tsawa ba. Sai ya matsa kusa, ya ce: "Allah ya ja kwana, Baba, ga maganarka an rubuta a allo, gyaran donki. Bari mu ji ta bakin Inna, ita ma tun ɗazu hannunta yana sama." Rubutawa a allo a gaban mutum shi ke kwantar masa da hankali ya zauna.

A raba allon gida uku: abin da mahaliyya za ta yi da abin da ta ware, abin da sai an kai wilaya, da abin da gayya za ta iya, wato nafir. Na tsakiyar a rubuta shi a wasiƙa, a karanta wa mutane, a gaya musu ranar da za a kai.

Ba a jefa ƙuri'a a ranar farko. A ba injiniyan mahaliyya mako biyu ya auna kowace buƙata, ya faɗi kuɗin ginawa da kuɗin riƙewa. Na biyun ne ake mantawa. Aji babu malami zai zama ɗakin ajiya, donki babu kuɗin gas ko faifan sola zai tsaya cikin wata uku. Duk buƙatar da aka cire a faɗi dalili a bainar jama'a.

Ranar zaɓe a jera gwangwanaye masu murfi da ƙaramar huda, kowanne da zanen aikin a jikinsa don wanda bai iya karatu ba. A sa su bayan labule. Kowane baligi a ba shi ƙwallon dabino uku da aka shafa wa fenti, ya zuba inda yake so. Ɗaga hannu ba ya nuna gaskiyar ra'ayi, domin ɗan haya ba zai saɓa wa mai gida a gabansa ba, suruka ma haka. A ƙirga nan take a kan tabarma kowa na kallo.

Bayan zaɓe

A zaɓi kwamitin sa ido na mutum bakwai, aƙalla uku mata, wa'adin shekara ɗaya. Aikinsu ƙirga buhunan siminti ranar da aka sauke, duba zurfin haƙa, da sa hannu kafin a biya ɗan kwangila kason ƙarshe. Wanda ɗan'uwansa ya karɓi aikin ya sauka daga kwamitin. In jama'a za su ƙara gudummawa, kuɗin da ya shiga asusun hukuma a karɓi rasit na Ornik 15, wato rasit ɗin gwamnati, a kansa. Wanda ya tsaya hannun unguwa kuwa a buɗe masa littafi, mutum biyu su riƙa sa hannu. Tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, zuwa asusun mutum ɗaya ita ce hanyar da zargi ya fi shigowa, ko da mutumin mai amana ne, domin kuɗinsa da na jama'a sun cakuɗe.

In magudana aka zaɓa, a fara yashewa daga inda take zuba a kwari, a hauro sama. Wanda ya fara daga sama ya tara wa gidajen ƙasa ruwa. Ƙasar da aka fitar a kwashe ta cikin kwana biyu, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito, mutane kuma su ce an ci kuɗinsu.

Kowane kwana talatin a liƙa takarda ɗaya a bangon makaranta da ƙofar masallaci: abin da aka yi, abin da aka kashe, abin da ya rage. A karanta ta da murya a WhatsApp. In kuɗi bai zo daga wilaya ba, ko farashin siminti ya ninka, a fito a faɗa a watan da abin ya faru, a tambayi mutane ko a rage aikin ko a jira. Jami'ai suna jin nauyin zuwa da labari mara daɗi, sai su yi shiru, shirun kuwa jita-jita ce take cike shi.

Ana yawan yi wa dabit idari, wato jami'in mulki na yankin, canjin wurin aiki, sabon kuma yakan ce bai san da maganar ba. Don haka sakamakon zaɓe, lissafin kaya da sunayen 'yan kwamiti a rubuta su kwafi uku da hatimin mahaliyya: ɗaya a ofis, ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin kwamitin. A sa batun cikin takardar miƙa aiki, kuma a makon farko na sabon jami'i kwamitin ya kai masa ziyara da kwafinsa a hannu.