Kurakuran da ake tafkawa a tarihin Hod Stuart

Na gaji da gyara abu ɗaya. Duk matashin da ya fara rubutun tarihin wasanni, in ya ce zai gwada hannunsa a kan hokin ƙanƙara na zamanin da, sai ya ɗauko Hod Stuart, ɗan wasan Kanada mai tsaron baya. Wai ai shekara 28 kawai ya yi a duniya, aikin ba zai yi nauyi ba. Kuma duk rami ɗaya suke faɗawa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne cusa masa gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada ta yau. Mutumin nan ya mutu a Yunin 1907, NHL kuwa sai 1917 aka kafa ta. Wani yaro ya taɓa kawo min rubutu ana gobe za a karanta a wani shiri, tun daga layin farko ya naɗa shi tauraron NHL, ya kuma ɗora komai a kan wannan ƙaryar: albashi, cinikin 'yan wasa, har da wasannin ƙarshen kaka. Babu abin da ya gyaru, sai da na kwana ina sake shi daga tushe. Na ce masa, "Ƙanena, ka ba shi aiki a gidan da ba a ko haƙa harsashinsa ba." Kuma asarar ta wuce ta kwanan wata, don ainihin labarin ne ake binnewa. A farkon shekarun 1900 manyan ƙungiyoyin Kanada ba su yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗi a fili ba. Mai son ya ci abinci da sandarsa ta hoki sai ya ƙetara Amurka. Shi ya sa Stuart, haifaffen Ottawa a 1879, ya tafi Pittsburgh a 1902, daga nan ya nufi garuruwan haƙar tagulla na arewacin Michigan, Houghton da Calumet. A can aka kafa IPHL (International Professional Hockey League) a 1904, gasa ta farko da kowa a cikinta ɗan albashi ne, kuma Calumet ɗinsu Stuart ce ta lashe kakar farko. In ka rubuta NHL ka share duk wannan.

Abin da nake yi ba wata dabara ba ce. Ina rubuta shekarar haihuwa da ta mutuwa a ɗan ƙyallen takarda, in liƙa a gefen kwamfuta. Duk gasar da ba ta faɗo tsakanin lambobin biyu ba, jan biro.

Na biyu, ƙirga masa ƙwallaye a ce bai taka kara ya karya ba. Haba! Wane irin wasa kuke tsammani ake yi a lokacin? Mutum bakwai ne kowane ɓangare, ba shida irin na yau ba. Ba a miƙa wa abokin wasa faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ta gaba, sai dai gefe ko baya. Masu tsaron baya biyu ba sa jeruwa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ne a bakin raga, ɗaya a gabansa, kuma Stuart na gaban ne. Rabi biyu ake yi, kowane minti 30, ba a canjin 'yan wasa don hutu. Mafi yawan masu tsaron baya cilla faifan kawai suke yi can nesa su tsaya. Shi kuwa yakan ɗauko shi da kansa ya kutsa. Wannan ne ya fitar da shi, kuma ba za ka gan shi a jadawalin ƙwallaye ba. Ni dai ba na sa lissafinsa kusa da na ɗan wasan yau ko da an roƙe ni.

Kofin Stanley, babban kofin zakarun hoki, shi ma ana kwaɓa shi. A lokacin ƙalubalantar mai riƙe da shi ake yi, shi ya sa a 1907 Kenora Thistles suka ƙwace shi daga Montreal Wanderers a Janairu, Wanderers da Stuart a cikinsu suka maido shi a Maris. Ba kuskuren bugu ba ne, kada ka "gyara".

Sauran ƙanana ne. Bruce Stuart ƙanensa ne, ɗan wasan gaba, ku daina gauraya su. Rat Portage tsohon sunan Kenora ne a Ontario, Portage Lakes kuwa ƙungiyar Houghton ce, kada kamannin sunan ya ruɗe ku. Kuma ba dukan da ya sha a kan ƙanƙara ne ya kashe shi ba, duk da ya sha sanda a ka a karawarsu da Ottawa a Janairun 1907: ruwa ya daka tsalle ya faɗa kusa da garin Belleville a Ontario, wurin ba zurfi, wuyansa ya karye. Wasan taurarin da aka yi a Montreal ranar 2 ga Janairu 1908 na tara wa matarsa da 'ya'yansa kuɗi ne, ba bikin shekara-shekara ba. Zauren girmama gwanayen hoki kuwa a 1945 ya shiga, cikin rukunin farko.