Yadda Ake Shirya Wurin Ɗaukar Fim

Ko a Kannywood ko a Legas, aikin mai tsara wurin ɗauka daga takardar labari yake farawa. Ka karanta ta sau biyu, ka rubuta kayan da kowace fitowa ke buƙata, har cokali.

Ka je wurin da mai kyamara tun kafin ranar ɗauka, ka auna ɗaki da ƙofa. Sau da yawa kujera kan iso ta ƙi shiga.

Bango ne mai ba da wahala. Fari fat yana mayar da hasken fitila har fuskar ɗan wasa ta dushe, fenti mai sheƙi kuwa ya fi muni. Ka shafa marar sheƙi kwana 2 kafin ɗauka, ya bushe, warin ya fita. Labule mai siraran layuka ma rawa yake yi a kyamara, ka guje shi. A bidiyon waƙa dai kana da damar zuba launi mai ƙarfi.

Abin da za a fasa, kamar kofin tangaran, ka tanadi 3 iri ɗaya. Da an tsayar da ɗauka, ka ɗauki hoton teburin da wayarka. In ba haka ba, shayin da aka sha rabi sai ya dawo cike wajen haɗa hotunan fim ɗin.