Yadda Ake Gina Jirgin Ceto a Kwamfuta Don Wasannin Tuƙin Jirgin Ruwa

Kafin ka buɗe Blender, manhajar da ake gina siffofin 3D da ita, zaɓi jirgi guda na gaske, ka samo zanensa ta gefe, ta sama da ta gaba. Jirgin Shannon na ƙungiyar RNLI ta Birtaniya, mai ceton mutane a teku, ya dace da mai farawa. Tsawonsa mita 13.6 ne, gudunsa kimanin kilomita 46 a awa, kuma ba shi da farfela, injinan feshin ruwa biyu ne ke tura shi.

Daidaita ma'auni tun daga farko. Unity da Unreal manhajojin gina wasa ne da za ka kai jirgin cikinsu. Blender da Unity da mita suke aiki, Unreal kuwa da santimita. Danna Ctrl+A ka tabbatar da girma da juyi kafin ka fitar da fayil ɗin FBX, wato fayil ɗin da ke ɗaukar jirgin daga Blender zuwa wasan. In ka tsallake wannan, jirgin kan iso cikin wasan a kwance ko da girman da bai dace ba, domin Z ne sama a Blender, a Unity kuwa Y.

Gina rabin gangar jikin kawai, madubin Blender (Mirror) ya cika ɗaya rabin. Duk abin da zai motsa, kamar sitiyari, ƙofa, rada da bakin feshi, ka ware shi daban, cibiyar juyinsa ta zauna daidai inda yake juyawa a zahiri.

Inda masu gini suka fi faɗuwa shi ne yadda jirgin ke zama a kan ruwa. Da yawa sai su ƙare ƙarfinsu wajen fenti, a shiga teku kuma jirgi ya riƙa tsalle kamar gora. Kada ka yi lissafin karo da gangar da ɗan wasa ke gani. Yi wata mai sauƙi a ɓoye, marar lotsawa. Unity ba ya karɓar fiye da alwatika 255 a irin wannan siffa, saboda haka raba ta gida uku: gaba, tsakiya da ɗakin matuƙi.

Sai lissafin nauyi. Kowace mita kubik ta ruwan teku kilo 1025 ce, don haka jirgi mai tan 18 zai ture kusan mita kubik 17.6. Auna ɓangaren da ke ƙarƙashin layin ruwa. In bai kai haka ba, jirginka zai nutse fiye da na gaske.

Irin wannan jirgi yana miƙewa da kansa in igiyar ruwa ta kifar da shi, saboda injinansa masu nauyi suna ƙasa, ɗakin matuƙi kuma a rufe yake ruf da iska a ciki. Kwaikwayi hakan. Sauke cibiyar nauyi kusa da injin, ka jera wuraren iyo, wato inda wasan ke tura jirgi sama in ya shiga ruwa, shida zuwa takwas a jikin ganga, sannan ka ƙara biyu a rufin ɗakin. Waɗannan biyun ne ake yawan mantawa. Kifar da jirgin ka gani: in ya tsaya a kife, ƙara musu ƙarfi, in yana rawa ba tsayawa, jan ruwan da ka sa, wato ƙarfin da ke rage motsin jirgi a ruwa, ya yi kaɗan.

Ruwan wasan zai bayyana a cikin ɗaki, domin shimfiɗa ce guda da ke ratsa komai. Sa marufin da ido ba ya gani, wanda ke hana zana ruwa a wurin.

Fitilu kuma dokar teku ce ta tsara su: ja a hagu, kore a dama, kowace na haska digiri 112.5, ta baya fara ce mai digiri 135.